Ƙauyen Da Ya Ƙi Rabuwa Da Filinsa

Yawancin masu karatu sun san sunan ƙasar Ailan ko da ba su san inda ta ke a taswira ba, gama daga can ne limaman Katolika da Sistoci masu yawa suka zo, suka buɗe makarantu da asibitoci a Kaduna da Jos da sauran wurare. Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila. A shekarar 1921 aka raba shi biyu. Larduna 26 suka sami mulkin kansu, su ne yanzu a ke kira Jamhuriyar Ailan. Larduna 6 na arewa kuwa suka tsaya ƙarƙashin Birtaniya. Dab da wannan iyaka, a kudancin lardin Armagh, akwai wani ɗan gari mai suna Crossmaglen. Mutanensa ba su kai 2,000 ba, amma ƙungiyar ƙwallonsu ta ci kofin dukan Ailan har sau shida. Abin da ya kai mu can ke nan, domin mu ga irin ƙasar da ta haifi waɗannan samari, mu kuma ji yadda aka yi.

Hanyar Zuwa

Daga Dablin, babban birnin Jamhuriya, muka miƙe arewa kimanin mil 50 zuwa Dundalk. Daga nan muka bar babbar hanya muka karkata yamma. Ƙasar nan ba ta da faɗi irin wanda ido ya saba da shi. Ƙananan tuddai ne masu kama da ƙwai a kwance, ɗaya bayan ɗaya, ƙanƙarar zamanin dā ce ta tara su ta bari. Hanya tana ta lanƙwasa a tsakaninsu, da shingen ƙaya ko na duwatsu a kowane gefe. Gonakin ƙanana ne, yawancinsu ciyawa ce domin shanu da tumaki. Ruwan sama ba shi da lokaci, yana iya sauka rani da damina, shi ya sa ko'ina kore shar. Can gabas a kan hangi dutsen Slieve Gullion, wanda ya fi kowane tsawo a lardin, mita 573.

Ba wanda ya tsai da mu a iyaka, ba shinge, ba ɗan sanda, ba ma'aikacin kwastan. Abin da ya nuna mana mun ƙetare shi ne allunan hanya sun daina lissafi da kilomita sun koma mil, a kanti kuma fam a ke nema maimakon yuro. Wanda ya bi hanyar nan a yau da wuya ya gaskata cewa akwai lokacin da sojoji ba su yarda su bi ta da mota ba saboda tsoron nakiya.

Tsakiyar Crossmaglen wani babban dandali ne inda a ke cin kasuwa tun dā, da kantuna da gidaje kewaye da shi. An sa masa sunan Kadinal Tomás Ó Fiaich, ɗan wannan yanki, wanda ya shugabanci Ikilisiyar Katolika ta Ailan har rasuwarsa a 1990. Daga dandali zuwa filin ƙwallo tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa. Launin ƙungiya baƙi ne da ruwan ɗorawa, kuma tun kafin mu isa filin mun riga mun gan shi a jikin yara da tagogin gidaje.

Wane Irin Ƙwallo Ne?

Sai mu yi wa mai karatu bayani, domin wannan ba tamaular da muka sani ba ce. Ana ce da shi ƙwallon Gelik, daga sunan harshen asali na mutanen Ailan. Kowane gefe mutum 15 ne. Ana kama ƙwallo da hannu, ana buga shi da ƙafa, ana kuma miƙa wa aboki ta wurin naushinsa da hannu, amma ba a jefawa. Mai gudu da ƙwallo ba ya wuce taki huɗu sai ya buga shi a ƙasa, ko ya sake shi bisa ƙafarsa ya dawo da shi hannu. Sandunan raga dogaye ne, sun zarce sandar da ke gicciye. In ƙwallo ya shiga raga, maki uku ke nan. In ya bi ta sama tsakanin sandunan, maki ɗaya. Tun 2025 an ƙara doka, wanda ya buga ta sama daga nesa, bayan layin mita 40, ya sami maki biyu. Wasan ƙungiyoyin ƙauyuka minti 60 ne.

Ƙungiyar da ke kula da wasan a taƙaice GAA a ke kiranta. An kafa ta ran 1 ga Nuwamba 1884 a wani masauki a garin Thurles. Mutumin da ya kira taron malamin makaranta ne, Michael Cusack. A lokacin Ailan ba ta gama farfaɗowa daga babbar yunwar da ta fara a 1845 ba, wadda ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, ta kori wasu miliyan ɗaya zuwa Amurka da Ingila. Ƙauyuka sun yi sanyi, harshen ƙasa yana ja da baya, wasannin gargajiya kuma suna mutuwa. Cusack da abokansa suka ga in ba a ba samarin karkara abin da za su taru a kai ba, sauran ma za su watse. Babban Bishop Croke ya goyi bayansu, saboda haka babban filin da ke Dablin, mai ɗaukar mutum 82,300, sunansa ya ke amsawa.

Abu biyu ne suka riƙe wannan ƙungiya har yau. Na fari, ba a biyan ɗan wasa albashi, kome gwanintarsa. Wanda dubban mutane suka yi wa tafi ran Lahadi, ran Litinin yana aji yana koyarwa, ko yana tatsar shanu, ko yana ɗora bulo. Na biyu, an gina ƙungiyoyin karkara bisa gundumar ikilisiya ko ƙauyen da mutum ya tashi. Inda aka yi maka baftisma, inda ka yi firamare, nan za ka buga ƙwallo. Ba a sayen ɗan wasa, ba a sayar da shi. Akwai irin waɗannan ƙungiyoyi masu ɗimbin yawa a Ailan, arewa da kudu, gama GAA ba ta raba kanta ba sa'ad da aka raba ƙasa. Crossmaglen tana cikin gundumar da a ke kira Creggan ta Sama. Maƙwabtanta na kusa, su Culloville da Silverbridge da Cullyhanna, kowannensu yana da tasa ƙungiya, ko da ya ke tsakaninsu 'yan mil kaɗan ne. Watau in gari bai haifi 'yan wasa ya goye su ba, ba shi da inda zai aro.

Farkon Ƙungiya

Shekara uku bayan taron Thurles, a 1887, samarin Crossmaglen suka kafa tasu ƙungiya. Sunanta na fari Red Hands, watau Jajayen Hannuwa, alamar tsohuwar sarautar shiyyar Ulster. Ta yi ɗan lokaci ta kwanta, ta sāke tashi, ta ci kofin lardi a 1906. A 1909 ta ɗauki sunan da a ke saninta da shi yau, Crossmaglen Rangers. Daga 1923 zuwa 1927 sun riƙe kofin lardin Armagh shekara biyar a jere. Bayan wannan sai ya zama su ci yau, su rasa gobe, kamar kowace ƙungiyar ƙauye. In samari sun tafi neman aiki Ingila sai ƙungiya ta yi rauni, in wata tsara ta taso sai ta yi ƙarfi.

Filinsu yana amsa sunan Oliver Plunkett, Babban Bishop na Armagh wanda aka kashe a Landan a 1681. Jama'ar gari ne ke da filin, su ne ke tara kuɗin gyaransa, su ne ke yanke ciyawarsa. Sai mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin ya gane nauyin abin da ya biyo baya.

Shekarun Wahala

Wajen ƙarshen shekarun 1960 rikici ya ɓarke a Ailan ta Arewa. Masu son a haɗe da Jamhuriya yawancinsu 'yan Katolika ne, masu son a zauna da Birtaniya yawancinsu 'yan Furotesta ne. Abin baƙin ciki, dukansu suna amsa sunan Kirista. Kafin a yi sulhu a 1998 mutum wajen 3,500 sun mutu. Kudancin Armagh yana cikin wuraren da abin ya fi zafi. A Janairu 1976 aka harbe 'yan Katolika shida daga iyali biyu a dare ɗaya. Kashegari 'yan bindiga suka tare motar ma'aikata a Kingsmill suka kashe 'yan Furotesta goma. Sojojin Birtaniya da yawa, samari ƙanana, sun mutu a dandalin Crossmaglen da hanyoyin da ke kewaye, a hannun 'yan tawayen IRA. Ba gidan da hawaye bai shiga ba, ko na wannan gefe ko na wancan.

Barikin 'yan sanda da sojoji yana manne da filin ƙwallo. A 1971 sojoji suka karɓe wani sashi na filin suka haɗa da bariki. Da ya ke hanyoyin mota ba su biyuwa gare su, kome nasu ta sama ya ke zuwa, abinci da mutane da makamai. Jirage masu saukar ungulu suna sauka suna tashi dare da rana, wani lokaci a kan filin kansa, ana tsakiyar wasa ko ana koya wa yara. Manyan motoci suka lalata ciyawa da ƙofar shiga. Ƙwallon da ya tsallake katangar bariki sau da yawa ba ya dawowa. Ƙungiyoyin wasu garuruwa suna ɗari-ɗarin zuwa, iyaye kuwa hankalinsu ba ya kwanciya sai yaro ya dawo gida.

Mafi sauƙi a lokacin shi ne a nemi wani fili nesa da bariki, ko a rufe ƙungiya har ƙura ta lafa. Dattawan ƙungiya suka ƙi. Makamin da suka ɗauka shi ne takarda da naci. Kowace shekara ana kai kukansu babban taron GAA. Con Murphy na lardin Cork, wanda ya shugabanci GAA daga 1976 zuwa 1979, ya ɗauki maganar kamar ta gidansu, ya yi ta kai ta gaban gwamnatocin Dablin da Landan shekara da shekaru. A gida kuwa ba a fasa wasa ba. In jirgi ya sauka a dakata, in ya tashi a ci gaba. In an lalata ciyawa a gyara.

Dalilinsu a fili ya ke. Saurayin da ya tashi a wurin nan a shekarun 1970 da 1980 hanyoyin da ke gabansa kaɗan ne. Aiki ya yi wuya. Akwai masu kiransa ya ɗauki bindiga, akwai masu fasa-ƙwaurin mai da shanu a iyaka, akwai jirgin ruwa zuwa Ingila. Filin ƙwallo shi ne wuri ɗaya da yaro zai je da yamma ya sami manya suna jiransa, sun san sunansa da na ubansa, suna da abin da za su koya masa. Da an rufe filin, da an rufe wannan ƙofa.

Ko cikin wahalar ba su daina ci ba. Sun ɗauki kofin lardi a 1975, 1977, 1983 da 1986. A 1977 ɗan garin, Joe Kernan, ya jefa ƙwallo biyu a raga a wasan ƙarshe na dukan Ailan, ko da ya ke lardin Dablin ne ya rinjayi Armagh a ranar.

Girbi

Daga 1986 aka yi shekara goma manyan ba su ga kofi ba. Amma a ƙasa ana ta aiki. Malamai da iyaye suna tara yaran firamare suna koya musu kama ƙwallo a sama da buga shi da nisa, ba da biya ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaran nan da yawa an haife su ne bayan sojoji sun riga sun shiga filin, ba su taɓa sanin wasa ba tare da ƙarar jirgi ba. Cikinsu akwai Oisín McConville, da tagwaye John da Tony McEntee, da Francie Bellew mai tsaron baya, da Paul Hearty mai tsaron gida. Joe Kernan ya zama mai horar da su.

A 1996 suka ci kofin lardi, suka ci na shiyyar Ulster. Ran 17 ga Maris 1997, ranar tunawa da Patrick mai kawo bishara Ailan, suka shiga filin Croke suka doke Knockmore ta lardin Mayo, maki 19 da 11. A 1999 suka sāke ci, da ƙyar, 9 da 8, a kan Ballina. A wannan shekara ce kuma, bayan sulhun Jumma'a Mai Kyau na 1998, aka mayar musu da ƙasar da aka karɓe, bayan shekara 28. A 2000 suka doke Na Fianna ta birnin Dablin. Sauran kofunan uku sun zo a 2007, 2011 da 2012. Na 2007 da na 2012 sai da aka yi canjaras aka sāke wasa. A 2007 ɗin ne sojojin Birtaniya suka kwashe kayansu suka bar garin.

A cikin lardi kuwa abin ya wuce misali. Daga 1996 zuwa 2008 sun ci kofin Armagh shekara 13 a jere. A 2009 ƙungiyar Pearse Óg ta birnin Armagh ta ka da su, sa'an nan suka sāke riƙe shi daga 2010 zuwa 2015. Watau cikin shekara 20 sun ci 19. Kofin Ulster sun ɗauke shi sau 11. Nemo Rangers ta birnin Cork ita kaɗai ce ta fi su yawan kofin dukan Ailan, tana da bakwai, amma ita ƙungiyar babban birni ce.

Lardin ma ya ci moriya. A 2002 Joe Kernan ya jagoranci Armagh ta ci kofin larduna na dukan Ailan karo na fari, ta doke Kerry da maki ɗaya tak. McConville ya ɓarar da bugun fanareti kafin hutu, ya dawo ya jefa ƙwallon da ya juya wasan. Tony McEntee, wanda ya yi wasa a 1997, yana cikin masu horar da ƙungiya a 2011 da 2012, kuma 'ya'yan Joe Kernan huɗu sun sa rigar da ubansu ya sa. A 2024 Armagh ta ci kofi na biyu, da 'yan'uwa biyu daga Crossmaglen a cikin 'yan wasa, Rian da Oisín O'Neill. Wanda ya miƙa kofin a ranar shi ne shugaban GAA, Jarlath Burns, shugaban wata makarantar sakandare, mutumin Silverbridge maƙwabciyarsu.

Kada mu ɗauka kofi yana tsare mutum daga kowane jarabi. McConville da bakinsa ya gaya wa duniya cewa a shekarun da a ke yi masa tafi caca ta kama shi, ta cinye kuɗinsa, ta bar shi cikin bashi. Ya nemi taimako, ya rubuta littafi a kan abin a 2007, daga baya ya koyi aikin ba da shawara ga waɗanda irin wannan ciwo ya kama. Garin da ya goye shi bai yar da shi ba.

Maƙabartar Creggan

Kafin mu bar yankin muka biya ta ƙauyen Creggan, wanda gunduma ta ci sunansa, ɗan nesa kaɗan da gari. Akwai tsohuwar majami'ar Anglikan a bakin rafi, da maƙabarta a kewaye da ita. A nan aka binne sarakunan gidan O'Neill na wannan yanki, da mawaƙin harshen Gelik Art Mac Cumhaigh, wanda ya rasu a 1773. 'Yan Katolika da 'yan Furotesta suna kwance a ƙasa ɗaya, tun ƙarnuka kafin rikicin da muka ambata. Mun daɗe muna karanta sunaye a kan duwatsun, waɗansu ruwa da gansakuka sun kusa shafe su.

GAA ma ta sāke hali bayan sulhu. Tana da wata tsohuwar doka da ta hana sojan Birtaniya da ɗan sandan Ailan ta Arewa shiga ƙungiya. A Nuwamba 2001 aka soke ta. Ba kowa ne ya ji daɗi ba, musamman a lardunan arewa inda miki bai warke ba, amma an soke, kuma yau 'yan sandan arewa suna da tasu ƙungiyar ƙwallon Gelik.

Abin Da Muka Ɗauko

Ƙungiyar Crossmaglen ba ta ci kofin dukan Ailan ba tun 2012, kuma a lardi ma yanzu wasu suna ka da ita. Wannan bai hana a buɗe fili da yamma ba. Yara maza da mata suna zuwa, uwaye suna dafa shayi, tsofaffin 'yan wasa suna tsaye a gefe da usur a baki. Waɗanda a ke koya wa yau su ne za su sa baƙi da ruwan ɗorawa nan da shekara goma sha biyar.

Mu da ke aikin makaranta mun san yaro ba ya zama ba wurin zuwa. In gida da ikilisiya da makaranta ba su tanada masa wuri ba, wani zai tanada, kuma ba lalle mu ji daɗin wurin ba. Mutanen Crossmaglen ba masu arziki ba ne, ba su da yawa, sojoji kuma suna zaune a rabin ƙofarsu. Abin da su ke da shi fili ɗaya ne, da manya waɗanda suka yarda su ba da yammacinsu kyauta shekara da shekaru. Iyaye da dattawa, in akwai fili a bayan majami'arku ko makarantarku, ku duba ko wa ke zuwa can da yamma, ku kuma duba ko akwai babban da ke jiransu.